Gwajin da Tasalla ta Zaɓa

Ranar da aka binne Japhet, Alhaji Lukuman ya dawo gida ya zauna a gindin mangwaron tsakar gidansa, ya dafe ƙirji da hannun dama. Matarsa Tasalla ta kawo fura, ya girgiza kai. Ta ɗauka zafin rashi ne, kwana biyu zai sake. Ashe zaman da zai cinye musu rabin damina ke nan.

Japhet ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lukuman ya musulunta tun yana saurayi, Japhet ya zauna a cocinsu, amma gonar gado da ke ƙauyen Manga tare suke nomanta, rumbu ne kawai kowa da nasa. Wata safiya ana sharar gona Japhet ya ɗaga gatari zai sari kututture, sai ya durƙusa, ya kife. Kafin a kawo ruwa ya cika. Mutumin da ko ciwon kai ba a taɓa jin ya yi kuka da shi ba.

Abin da ya sa mutuwar ta shiga jikin Lukuman fiye da kowa shi ne wata magana da ya dawo da ita daga aikin Hajji watanni kaɗan kafin nan. A Mina ƙirjinsa ya riƙe, aka kai shi asibiti. Likitocin can suka zura masa wani siririn bututu ta gindin cinya har zuwa zuciya, suka ɗauki hoto. Wani tafinta ya gaya masa cewa ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa ta ɗan tsuke, kitse ya fara taruwa a ciki, amma kaɗan ne, bai kai a yi aiki ba. Ya sha magani, ya bar taba, ya rage maiƙo, ya riƙa ganin likita. Da ya dawo Zuru har dariya yake yi da zancen, yana cewa Larabawa sun leƙa zuciyarsa ba su sami komai ba sai son tuwon dawa. Bayan Japhet ya faɗi, dariyar ta ƙare.

Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita, Lukuman yana gindin mangwaro. Mutumin da a samartakarsa ya sha kayar da maza a kokawar bikin Uhola, yanzu buta cike da ruwa ba ya yarda ya ɗaga. Salla a zaune. Masallacin Juma'a da yake zuwa da ƙafa, sai an kira masa ɗan acaɓa, shi ma yana tafe yana ce masa a hankali. Naman jikinsa ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tasalla na tsakiyar tuƙa tuwo zai kira ta.

"Zo ki sa kunnenki nan. Kin ji? Ta tsallake ɗaya."

Ta kan durƙusa ta kara kunne. "Alhaji, tana bugawa lafiya lau."

"Ba ki iya saurare ba ne."

Tasalla 'yar Jega ce, aure ya kawo ta Zuru shekaru talatin da ɗoriya, kuma a duk tsawon zaman ba ta taɓa ganin tsoro a idon mijinta ba sai bana. Shi ya fi tayar mata da hankali. Ciwo tana iya jinyarsa, amma wannan abin ba ta san inda za ta kama shi ba.

Kusan kowace ranar kasuwa sai ya sa ta raka shi asibitin Dakta Haggai, wani dattijon likita mai ƙaramin asibiti a bayan tasha, don a yi masa gwajin nan da ake liƙa wayoyi a ƙirji na'ura ta zana bugun zuciya a takarda. Kullum a ce lafiya. Sai ya sami natsuwa zuwa la'asar, washegari a koma gidan jiya. Ranar da suka sake zuwa, likitan ya hana a kunna na'urar, ya sa su zauna.

"Alhaji, wannan gwajin da kake so, abin da zuciyarka ke yi a lokacin da kake kwance kawai yake nunawa. Ko kullum aka yi maka shi, ba zai gaya mana ko jijiyar ta ƙara tsukewa ba."

"To wanne ne zai gaya mana?"

Likita ya ce akwai hoton da ake ɗauka ta saman ƙirji, irin wanda ake yi wa masu ciki. Shi yana nuna ƙarfin bugun zuciya, amma ba ya ganin cikin jijiyar. Akwai kuma na bututu, irin na Makka, wanda ke nuna jijiyar ƙuru-ƙuru, sai dai ba a kusa ake yinsa ba, kuma yana da nasa haɗarin, don haka ba a maimaita shi don leƙe kawai ga mutumin da toshewarsa kaɗan ce kuma ba ya jin ciwo in yana aiki.

"Ni ai ba na aikin," in ji Lukuman.

"Shi ne matsalar. Ba mu san abin da zuciyarka za ta yi in ka motsa ba, don ka daina motsawa. Saura gwaji ɗaya, kuma shi nake ba ka shawara. A Kaduna ake yi. Za ka hau wani inji mai shimfiɗa tana tafiya ƙarƙashin ƙafarka, ka yi ta tafiya, ana ƙara sauri ana ƙara tudu, wayoyi na ƙirjinka, likita na kallo. In jini na isar zuciyar lokacin da ta fi buƙatarsa, za a gani. In ba ya isa, za a gani, sannan a yi zancen bututu."

Lukuman ya miƙe. "Wato in je in yi abin da ya kashe Japhet, a gabanku, kuna kallo."

Bai jira amsa ba ya fita.

Ɗansu Nasiruddeen, wanda ke aiki a Kaduna, ya iso ƙarshen mako bayan Tasalla ta yi masa waya. Da ya ga yadda uban ya koma, sai da ya juya baya ya share ido. Da yamma aka taru a tsakar gida: shi, da Saloma babbar yayar Lukuman, da Leah matar marigayi, wadda ta zauna can gefe da goyo a baya.

Nasiruddeen ya zo da shawararsa a shirye. Ya ce ya yi tambaya, akwai asibiti a Masar da ake kai mutane. A sake zura bututun a ga jijiyar da ido, in ta ƙara tsukewa a buɗe ta nan take, kowa ya huta. Hanyar da za a iya wannan tafiya ɗaya ce, a sayar da gonar Manga.

Leah ta kwance goyon ta mayar da shi gaba ta rungume. 'Ya'yanta huɗu, kuma gonar nan ce abincinsu.

Saloma ta juya harshe zuwa C'lela, yarensu na Zuru, ta yi ta faɗa. Tasalla C'lelarta ta gaisuwa ce da cinikin kasuwa, amma ta tsinci gona, ta tsinci kabarin uba, ta tsinci sunan Japhet. Sannan tsohuwar ta dawo Hausa don a ji ta da kyau.

"Ba a sayar da gona, ba kuma a hawa inji. Ƙanena ɗaya ya faɗi da gatari a hannu, ɗayan kuma a ɗora shi kan ƙarfe a ce ya yi gudu kamar doki? Ku bar shi ya zauna. Mai zama ba ya faɗuwa."

"Gwaggo, zaman ne ke cinye shi," in ji Nasiruddeen.

"Ya cinye shi a hankali ya fi a kawo mini shi a bayan mota."

Aka yi ta ja har aka kira magariba. Duk wannan Lukuman na zaune kamar ba da shi ake ba. Sai da za a tashi ya ɗago kai.

"Ni kaina ya ƙulle. In na tuna bututu sai in ga 'ya'yan Japhet. In na tuna inji sai in ga Japhet. Tasalla ta zaɓa. Abin da ta ce shi zan yi."

Tasalla ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ka. Saloma ta dube ta sama da ƙasa.

"To, 'yar Jega. Ran ƙanena na hannunki. Ki san abin da za ki zaɓa."

Washegari ta yafa mayafi ta koma wurin Dakta Haggai ita kaɗai. Ta jira layi ya ƙare, ta shiga, ta ƙi zama.

"Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ana mutuwa bisa injin nan?"

"Ba zan ce miki bai taɓa faruwa ba, Hajiya. Amma abu ne mai wuyar gaske, kuma likita na tsaye da kayan ceto a gefensa. Da zarar an ga alamar da ba a so, za a tsayar."

"Na bututun fa?"

"Shi ma ana samun matsala, jini ya ɓalle ko ƙoda ta taɓu, ko da yake ba kasafai ba. In yana buƙatarsa ni da kaina zan ce ku tafi. Yanzu ban ga dalili ba."

Ta matse bakin mayafinta. "To in ya hau injin aka ce lafiya, ke nan ba zai faɗi kamar ƙanensa ba?"

Likitan ya cire tabarau ya aje. "Wannan babu gwajin da zai iya yi miki alkawarinsa. Ko na Masar. Abin da ke rage haɗarin shi ne maganin da yake sha, da barin taba, da kula da hawan jini, da motsa jiki. Gwajin zai gaya mana ko zai iya komawa aikinsa ne."

Ta zo neman abin da za ta riƙe, ta fita hannu wofi. A bakin titi ta tsaya, mutane na wucewa, ta rasa inda za ta nufa. Gida akwai idon Alhaji, akwai bakin Saloma. Sai ta tare ɗan acaɓa ta ce ya kai ta Manga.

Gonakin mutane dawa ta kai gwiwa, kore shar. Tasu ciyawa ce ta rufe ta, har kututturen da Japhet bai ƙarasa sara ba ya yi toho. Can a kusurwa ta hango Leah ta duƙa da fartanya, manyan 'ya'yanta mata biyu na bin ta suna tsince ciyawa. Ɗan wurin da suka share bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Leah ta ɗago, gumi na zuba, ta gaishe ta.

"Yaya, in sayarwar ce, ki gaya mini tun yanzu in daina wahalar da yaran nan."

Tasalla ta buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Ta zauna a kan kunya ta yi mai isarta, Leah na tsaye a kanta ba ta hana ta ba. Da ta share fuska ta ce, "Ci gaba da nomanki. Ba a sayarwa."

Da ta gaya wa Lukuman cewa injin Kaduna ta zaɓa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Saloma ta aiko a gaya mata cewa in wani abu ya faru, kada ta sake ta tako ƙofar gidansu da sunan gaisuwa. Nasiruddeen kuwa a waya ya ce, "Inna, kin zaɓi gona kin bar Baba." Ta kashe wayar ba ta amsa ba, don ita kanta ba ta tabbata ba haka ba ne.

Suka kama hanya ta Kontagora a motar haya. Duk ramin da mota ta faɗa sai Lukuman ya yi salati. Tasalla ba ta iya cin komai ba har Kaduna. A zuciyarta tana ta tsara yadda za ta dawo da gawa ta wannan hanyar, wa za ta fara gaya wa, da wane baki.

Asibitin na wata likitar zuciya ne, mace mai ƙaramin jiki da ba ta da yawan magana. Aka aske wa Lukuman gashin ƙirji, aka liƙa wayoyi, aka ɗaura masa abin awon jini a dantse. Aka ce Tasalla da Nasiruddeen su jira a waje. Ta ƙofar da ba a rufe duka ba tana hango bayansa. Injin ya fara ƙugi. Bai yi nisa ba ta ji muryarsa.

"Ku tsayar! Ku tsayar, ta zo!"

Ta banka ƙofar ta shiga. Yana riƙe da ƙarfen injin da hannu biyu, idanunsa sun firfito. Likitar na duban allon na'urar.

"Baba, ƙirjin na ciwo? Yana danne ka? Yana tafiya hannu ko muƙamuƙi?"

"A'a. Bugawa take yi da ƙarfi."

"Ai dole ta buga, tafiya kake yi. Ban ga komai a nan ba. Amma in ka sauka yanzu, ban ga lafiya ba ban ga ciwo ba. Kamar ba ku zo ba ne."

Nasiruddeen daga bakin ƙofa ya ce a bar shi haka, a cire masa wayoyin. Tasalla ta zagaya gaban injin ta tsaya inda mijinta zai gan ta. Harshen garinsu ya dawo bakinta.

"Alhaji, ni ba ni da sauran dabara. Wallahi ba ni da ita. Na bar ɗana yana ganin na sayar da kai, yayarka ta yanke ni. In ka sauka, gida za mu koma ka zamna gindin iccen nan ina kallonka kana ƙarewa, kuma ni ba ni iyawa. In mutuwar ce, ga ni nan tsaye, ta same ka kana tafiya."

Ya dube ta. Tunda suke ba ta taɓa yi masa magana haka ba, balle a gaban ɗansu. Ya ce wa likitar ta kunna.

Likitar ta bar ta ta tsaya a wurin. Shimfiɗar ta fara tafiya. Da farko yana jan ƙafa kamar mai tsallaka rafi a kan gungume. Aka ƙara tudu, numfashinsa ya fara fita da ƙarfi. Aka ƙara sauri. Gumi ya keto masa, ya jiƙa wayoyin, yana ɗiga a kan injin. Likitar na tambayarsa ƙirji, yana girgiza kai. Tasalla ba ta kallon allon, ba ta san karatunsa ba, fuskar likitar take kallo, tana jiran ta ga ta canza. Bakinta na motsi da duk addu'ar da ta zo mata, wata ma ba ta kai ƙarshenta take kama wata. Aka sake ƙarawa. Yanzu sassarfa yake yi, ƙafafunsa na dukan shimfiɗar, tsohon ƙarfin nan na kafaɗunsa ya ɗan leƙo.

"Gwiwoyina," ya ce da kyar. "Gwiwoyi sun gaji."

"Ƙirji fa?"

"Gwiwoyi."

Likitar ta rage saurin a hankali har injin ya tsaya. Aka zaunar da shi, ta ci gaba da kallon allon har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta ce ya kai inda ake so mai shekarunsa ya kai, har ya ɗan wuce, kuma ba ta ga alamar zuciyar ta rasa jini ba. Jininsa dai ya hau fiye da yadda take so, za ta ƙara masa magani. Toshewar tana nan, ba ta tafi ba. Ya koma gona, ya fara da kaɗan. In ya taɓa jin nauyi a ƙirji yana cikin aiki, ko numfashi ya gaza masa a inda da ba ya gazawa, kada ya kwana bai ga likita ba.

Tasalla ta nemi kujera ba ta samu ba, ta zauna a ƙasa.

Ba a ce komai ya gyaru nan take ba. Nasiruddeen ya kai su tasha, ya yi wa uban sallama da kyau, ita kuwa gaisuwar da ya yi mata a taƙaice ce, kuma ya daɗe yana cewa injin bai ga cikin jijiya ba, wanda gaskiya ne. Saloma ta zo ta ga ƙanenta da ƙafafunsa, ta yi godiya ga Allah da C'lela, ta fita ba ta dubi Tasalla ba. Sai bayan sallar azumi ta aiko mata da ƙwaryar gyaɗa ba tare da saƙo ba.

Lokacin dawa ya riga ya wuce, sai wake suka shuka. Lukuman ya fara zuwa Manga a kan acaɓa, ya nome kunya biyu ya zauna. Daga baya ya riƙa sauka a bakin hanya ya ƙarasa da ƙafa. Wata rana ya yini yana aiki har da waƙa, wata rana ya tashi da tsoron ya ƙi fita. Tsutsa ta ci wani ɓangare na waken, abin da aka samu bai cika rumbu ko ɗaya ba, aka raba da Leah.

Ranar da ake kwashe waken, Tasalla na tattara wake cikin ƙwarya a masussuka, ta ɗago ta ga Lukuman ya saɓa buhu a kafaɗa ya nufi bakin hanya. Ya yi rabin gonar, sai ya tsaya. Ya sauke buhun. Ya durƙusa.

Ba ta san lokacin da ta yar da ƙwaryar hannunta ba. Tana gudu tana kiran sunansa, sunan da ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba tun ranar aurensu, kara na yankar ƙafafunta. Ta iso ta same shi ya cire takalmi yana duba tafin ƙafa.

"Ƙaya ce," ya ce. "Ta huda takalmin. Kina da allura?"

Ta ce babu. Ta juya ta koma masussuka a hankali, ta durƙusa tana tsince waken da ya zube a ƙasa.